Lilo a Gindin Dalbejiya

Ranar Talata Malama Rifkatu ta rubuta a allo:
abin da ke zaune, zaune zai tabbata,
sai in wani ƙarfi ya zo daga waje ya ture shi.
'Yan aji suka duƙufa suna kwafa.
Ni na ajiye biro,
don na san wanda take nufi.

Tun kafin a yanke mini cibiya
aka kashe injin da Baba ke tsaro a masaƙar Kakuri,
aka ɗaura wa ƙofa sarƙa.
Daga nan ya dawo benci guda a gindin dalbejiya,
rediyo a cinya, ido a titi.
Har katakon ya lotsa daidai mazauninsa.

Aikin gida: a rataya abu mai nauyi a igiya,
a sake shi, a ƙirga lilo ashirin,
a sauya da marar nauyi, a sake ƙirgawa.
Na kwance igiyar shanyar Inna,
na ɗaura mata tsakuwa.
Tsakuwa ta zame. Na ɗaura. Ta zame.

"Lantana, wannan igiyar miƙewa take,
ƙarya za ta yi miki."
Ban ma san yana kallona ba.

Sai na ji benci ya yi ƙara.
Ya shiga ɗaki, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado,
ya fito da ƙullin farin zare da ya koma ruwan ƙasa
da noti biyu, ɗaya kamar goro,
ɗaya kamar dunƙulen hannun jariri.
Bai nemi abin awo ba.
Daga hanci zuwa ƙarshen yatsa, ya ƙara kaɗan,
ya ce mita ɗaya ke nan.
Na gwada da rula. Mita ɗaya ce.

Na ce babban zai riga ƙarami,
na sa kuɗin awarata a kai.
Shi yana ƙirga da baki, ni ina riƙe da wayar Inna.
Ƙarami: daƙiƙa arba'in da 'yan kai.
Babba: daƙiƙa arba'in da 'yan kai.
Muka maimaita har mai kurar ruwa ya tsaya kallo.

"Ba ruwansa da nauyi," in ji Baba.
"Zare ne ke ba shi umarni. Naɗe shi ki gani."
Na naɗe har saura kashi ɗaya cikin huɗu,
lokaci ya rabe gida biyu cif.
Abin da littafi ya ɓoye a ƙarƙashin wata alama mai kama da ƙugiya,
ashe yana nan a tafin hannunsa
shekaru nawa, babu wanda ya tambaya.

Ana kiran magariba lilo ya fara ragewa.
Taku ya gajarta, ya gajarta,
noti ya tsaya cak, yana duban ƙasa.
Na ce, Malama ta ce ba gajiya ya yi ba,
iska ce da gogayya ke gutsurarsa kaɗan-kaɗan;
da babu su, da yana nan yana kai da komo har abada.
Baba ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Inji ma haka ne.
Ba ya gajiya. Mai ake hana shi."

Da dare na buga lissafi a hasken tocila.
Jan da ƙasa ke yi wa kowa ya fito mini tara da ɗigo shida.
Littafi ya ce da ɗigo takwas.
Ban goge nawa ba.

Da safe benci babu kowa,
rediyo na kai, a kashe.
Inna ta ce ya hau motar Panteka tun da duku-duku,
wai ya leƙa babi na gaba a jakata
ya ga hoton sifirin,
ya ce kuma kuɗin awarar yana bina bashi.